Kiwon Raƙuma a Showak: Tsakanin Gona da Ƙuda

Wanda ya tashi daga birnin Gadarif ya kama titin Kasala, tafiyar kamar awa guda a mota za ta kai shi Showak, hedikwatar ƙaramar hukumar Fashaga, a gaɓar kogin Atbara kusa da inda kogin Setit ke zubowa cikinsa daga tsaunukan Habasha. Garin ba shi da girma, amma sunansa ya yi nisa saboda kasuwar raƙumansa, wadda tana cikin manya a gabashin Sudan. A nan Shukriyya da Lahawiyyin da Rashayida da kabilun Beja ke kawo dabbobinsu, a nan fatake ke haɗa garken da za a kora Masar, a nan kuma masu neman raƙumin tsere ke zuwa duba ƙafa da ƙirji. Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da masu hijira da mahajjatan ƙafa suka riƙa yada zango a Sudan, ƙauyukan Hausawa suka kafu a bakin kogunan Atbara da Setit da Rahad, ana noma ana kamun kifi. Galibinsu manoma ne, don haka a maganar da za a yi nan, su ne masu karan dawar da makiyayi ke zuwa ciniki bayan girbi.

Ƙididdigar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna Sudan na da raƙuma kusan miliyan 5, abin da ya sa ta shiga sahun gaba a duniya tare da Chadi da Somaliya da Kenya. Majalisar ma ta ware 2024 a matsayin shekarar raƙumi da danginsa. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka babu dabbar da ta kai wannan sauƙin riƙo, tunda ga ta da jure ƙishi, ga cin ƙaya, ga ta da ƙarfin tafiya. Makiyayan Butana, wato faffaɗan filin da ke tsakanin kogin Atbara da Shuɗin Nilu, sun san abin ba haka yake ba. Raƙumi yana jure fari, amma garkensa ba ya jure asara, domin babu dabbar gida da ta kai shi jinkirin hayayyafa.

Taguwa ba ta cika ɗaukar ciki ba sai ta kai shekara 4, wani lokaci 5. Cikin kuma wata 13 ne. In ta haihu za ta shayar shekara guda ko fiye, kuma a kiwon daji ba a cika samun ta da wani cikin ba sai an zagayo, ta yadda haihuwa ɗaya a shekara biyu ita ce sa'a. A ɗauka misali mutum na da taguwoyi 40 masu haihuwa. A shekara mai albarka 'ya'ya 20 zai samu. Rabinsu maza ne, waɗanda ƙarshensu kasuwa. Cikin mata 10 da suka rage, in zawo da ƙazuwa suka ɗauke 3, saura 7, su ma sai an jira su shekara 5 kafin a ga nasu ɗan fari, alhali a tsakanin nan tsofaffin uwaye na mutuwa, ana sayar da wasu don hatsi da magani da aure. Mai tumaki in annoba ta shafe masa rabin garke, shekara uku ta ishe shi ya farfaɗo. Mai raƙuma kuwa sai ya haura shekara goma, kuma da yawa daga waɗanda farin 1984 zuwa 1985 ya karya ba su sake komawa daji ba, sun ƙare a gefen garuruwa suna leburanci a gonakin wasu.

Barbarar ma tana da nata sharaɗin. Amale ba ya hawa sai a lokacinsa, wanda a wannan yanki ya fi dacewa da damina, sa'ad da ciyawa ta wadata. Idan abin ya motsa masa, sai ya rage cin abinci, ya riƙa cizon haƙora, kumfa na zuba, yana fito da wata jar tsoka daga bakinsa kamar balan-balan yana gurnani, yana watsa fitsari da wutsiya. A wannan hali ko mai shi yana kaffa-kaffa da shi, don amale ya sha karya hannun makiyayi, kuma amale biyu ba sa zama garke ɗaya lafiya. Ita kuma taguwa ba ta sakin ƙwai sai an hau ta, saɓanin saniya. Ana gurfanar da ita, a ɗaure mata ƙafar gaba in mai gardama ce, makiyayi ya tsaya a gefe yana taimaka wa amalen. Bayan kamar mako biyu sai a matso da namiji kusa da ita: in ta ɗaga wutsiya ta lanƙwasa sama, an san ta ɗauka. Ke nan idan damina ta yi gardama, taguwoyi suka rame, amale bai motsa sosai ba, an yi asarar shekara sukutum, kuma ba za a ga giɓin ba sai bayan wata 13.

Saboda wannan jinkiri, zaɓen amale babban al'amari ne. Makiyayin Butana yana iya jero asalin taguwarsa ta wajen uwa har kaka da kakanni, ya san wadda ke da nono, wadda 'ya'yanta ke rayuwa, wadda ke yawan ɓari. Akwai Arabi, ƙaton raƙumin kaya da nama, wanda shi ne mafi yawa. Akwai Rashayidi, gajere mai jaja-jajan gashi, wanda aka sani da nono da juriyar wuri mai ƙarancin abinci. Rashayida sun ƙetaro Bahar Maliya daga Hijaz da irinsa a tsakiyar ƙarni na 19. Sai na hawa guda biyu: Anafi, fari siriri mai dogayen ƙafafu, da Bishari na Beja, wanda ya fi shi ƙwari. Tun da tseren raƙuma ya zama harkar manyan kuɗi a ƙasashen Larabawan Tekun Fasha, Anafi da Bishari da ruwa-biyunsu suka yi daraja, har ɗaya mai gudu yakan yi kuɗin raƙuman nama masu yawa. Wannan kuɗi ya taimaki gidaje, amma ya zo da nasa lahani. An daɗe ana kwasar ƙananan yara daga gabashin Sudan ana kai su hawan tsere, sai a 2005 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta haramta, aka koma amfani da mutum-mutumi, UNICEF ta taimaka aka mayar da yaran gida. Sannan duk lokacin da aka sayar da mafi kyawun iri zuwa ƙetare, garken gida ne ke raguwa a inganci, ko da aljihun mai shi ya cika.

Inda aka fi yin kuka shi ne watannin farko na ɗan raƙumi. Ana haifarsa ba shi da garkuwar jiki, sai abin da ya samu daga dakashin uwarsa a yinin farko. Wasu makiyaya kuwa sun gaji al'adar hana shi shan dakashi da yawa, suna ganin shi ke kawo zawo, sai su tatse su zubar. Likitocin dabbobi sun daɗe suna nuna cewa akasin haka ne: ɗan da bai ƙoshi da dakashi ba shi zawo ya fi kayarwa. A farkon shekarun 1990 masana irin su Hamid Agab da Babiker Abbas sun bi garkunan yankin Showak wata da watanni suna rubuta abin da ke kama su da abin da ke kashe su, kuma zawon 'ya'ya ya fito cikin manyan masu kisa. Bayan wannan akwai rabon nono tsakanin ɗa da mutane. Iyalin makiyayi a daji nonon taguwa ne abincinsu, ɗanye ko wanda aka bari ya yi tsami a salka, wanda suke kira garis. Don haka ana ɗaure wasu kawunan hantsa da tsumma da ɗan itace don kada ɗan ya shanye duka. Da damina babu damuwa, nono ya ishi kowa. Da bazara kuwa, uwa ta rame, nono ya ja baya, sai mai gida ya tsinci kansa yana raba abin da bai kai ba tsakanin 'ya'yan cikinsa da 'yar taguwar da ita ce garkensa na gobe. Ba wanda zai zarge shi in ya fifita yaransa, amma garken ne ke biya. Ga kuma wata cuta mai fesowa a leɓɓan 'ya'ya da damina, ta hana su kama nono, da aganar raƙuma wadda ita ma ƙanana ta fi yi wa illa.

Manyan kuma abokan gabarsu biyu ne da kowane yaro a Butana ya san sunansu: jarab da gufar. Jarab ita ce ƙazuwa. Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani take shiga fata, ta fara daga wuya da cinyoyi, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tsattsage, dabba ta bar kiwo ta koma goga jiki da itace. Tana yaɗuwa a wurin cunkoso, musamman mashaya da wurin birgima, tana kuma kama hannun mai kiwon. Maganin gargajiya shi ne a kankare wurin a shafa guɗran, wani baƙin mai mai wari da ake dafawa daga 'ya'yan gunar daji mai ɗaci. Yanzu akwai allurar ivermectin, tana aiki, amma sai an yi wa garke duka an kuma maimaita, abin da mai ƙaramin ƙarfi ba ya iyawa. Sai ya yi wa biyu da suka fi tsanani, sauran su sake shafa musu.

Gufar kuwa ita ce sammoren raƙuma. A nan babu ƙudan tsando; bobuwa da ire-irenta masu cizo su ke ɗaukar cutar a bakinsu daga wannan dabba zuwa waccan, kuma suna yawaita ne da damina a ƙasar laka da kurmin bakin kogi. Raƙumin da ya kamu ba ya faɗuwa nan take. Zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ido na hawaye, tozo na narkewa a hankali, taguwa ta yi ɓari, nono ya ƙafe, a shekara ana jinya. Tsofaffin makiyaya suna gane ta da warin fitsari: sai mutum ya dunƙula ƙasar da raƙumin ya yi fitsari a kai, ya bar ta ta sha iska, ya fasa ya sansana, ya ce wannan ta kamu. Sau da yawa kuma gwajin jini yakan gaskata shi. Magunguna akwai su, irin su Antrycide da Cymelarsan, sai dai tsada, da jabu, da rage awo don kwalba ɗaya ta ishi dabba uku, sun sa ƙwayar cutar ta fara gagarar wasunsu. Akwai wani abu da ya kamata duk mai raƙumi ya riƙe, a Sudan yake ko a Maigatari: Berenil da aka saba yi wa shanu don sammore guba ne ga raƙumi, yana iya kashe shi. A 2004 ma wata annoba ta ratsa gabashin Sudan, raƙuma suna faɗuwa farat ɗaya, musamman masu ciki da masu sabuwar haihuwa, daga baya bincike ya gano ƙwayar cutar nan ta awaki da tumaki da ake kira PPR a jikinsu.

Duk wanda ya dubi waɗannan cututtuka da kyau zai ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ita ce tafiya. Babban maganin da makiyayin Butana ya gada ba a kwalba yake ba, a ƙafa yake. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai tsagewa da rani, da damina kuma ta zama taɓo mai kama ƙafa. Raƙumi da faffaɗan tafinsa ba ya iya taɓo, yana zamewa ya karye ko ya tsage. Saboda haka da ruwa ya sauka a watan Yuli sai a kora arewa, cikin Butana, inda ruwan sama bai kai na kudu ba, ƙasa ta fi tauri, ƙuda ya yi ƙaranci, ga sabuwar ciyawa. A can ake barbara, a can ake yawan haihuwa. Idan tafkuna suka ƙafe wajen Oktoba zuwa Nuwamba sai a juyo kudu a bi sawun girbi, da bazara kuma a matso bakin Atbara da Setit da Rahad, inda ake samun ruwa da ganyen ƙaya da aduwa da magarya. Wannan zagaye shi ke raba dabba da bobuwa, shi ke hana cunkoson da ke yaɗa ƙazuwa da tsutsar ciki, shi ke ba ƙasa hutu. In aka tare shi, sai cuta da yunwa su haɗu a kan dabba ɗaya.

An kuwa tare shi, kuma ba jiya aka fara ba. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya, yamma da Gadarif, don ciyar da sojoji. Abin ya karɓu, aka riƙa yanka daji ana raba wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata gonaki masu faɗin fadan (ma'aunin gona a Sudan) 1,000 ko fiye. A 1968 aka kafa hukumar noman injina da tallafin Bankin Duniya, gonaki suka ƙara bazuwa, na kan tsari da waɗanda mutane suka share da kansu ba izini. Yau Gadarif ita ce rumbun dawa da riɗin Sudan, miliyoyin fadan ake nomawa, kuma ba mai hankalin da zai raina wannan, don da dawar nan ƙasar ke ci. Amma filin da tarakta ta shiga, dajin ƙaya ne da raƙumi ke ci da rani. Ta gabashin Butana kuma madatsar Khashm al-Girba da aka gama a 1964 ta haifar da gonakin rani na Sabuwar Halfa, inda aka zaunar da Nubiyawan da ruwan madatsar Aswan ya tasa, a kan ƙasar da Shukriyya ke kiwo. A ƙarshen shekarun 1970 aikin noman Rahad ya ci nasa rabon ta kudu maso yamma. Na baya-bayan nan su ne tagwayen madatsun Rumela da Burdana a kan Atbara da Setit, sama da Showak kaɗan, waɗanda aka ƙaddamar a 2017 don samar da lantarki megawat 320. Tafkinsu ya haɗiye ƙauyuka da gonakin bakin kogi da mashayun da aka saba, aka tashi dubban mutane, manoma da makiyaya baki ɗaya.

Doka ma ta taka rawa, wataƙila fiye da tarakta. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakin gwamnati, makiyayi kuwa ba shi da takardar daji. Shekara guda bayan haka gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya, aka karɓe ikon nazirai da shehunan da a da su ke cewa wannan rijiya ta wane ce, wannan kwari ba a shigarsa sai wata kaza, baƙo zai sha ruwa kwana nawa ya wuce. Gidan Abu Sin na Shukriyya, wanda tsohuwar kasuwar Gadarif ma sunansu take ɗauke da shi, sun daɗe suna riƙe da wannan tsari. Da aka cire shi Butana ta zama ta kowa, garkuna daga ko'ina suka riƙa kwararowa da damina, ciyawa mai amfani ta ragu, wadda dabba ba ta so ta mamaye. An dawo da sarautun daga baya, amma ba da ƙarfinsu na da ba. A takarda akwai burtalai da aka shata daga kudu zuwa arewa, akwai layin da aka ce noma ba zai haura shi ba, akwai dokar makiyaya da aka yi a 2015. A ƙasa kuwa burtali yakan tsuke har ya zama ba ya ɗaukar garke, babu wurin hutawa, babu tafki, gona dama gona hagu. Raƙumi kuma dogon wuya gare shi. Ya miƙa ya fizgi kan dawa, sai tara, sai kotu, wani lokaci sai jini. Mai karatu a Katsina ko Maraɗi ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Abin da ya biyo baya shi ne kiwon da a da kyauta ne ya koma na kuɗi. Bayan girbi makiyayi zai je wurin mai gona su yi cinikin karan da ya rage, a sayar masa da gonar sukutum ya zuba dabbobinsa na wasu makonni. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci farashin kara yakan yi tashin gwauron zabo daidai lokacin da farashin raƙumi ke faɗuwa, don kowa na sayarwa. Gonakin kuma ba su da ruwa, sai an sayo a tankar mota. Raƙumi mai ƙishi yana shanye lita 100 a tsayuwa ɗaya, ke nan garke mai kai 60 yana buƙatar lita 6,000 duk ranar shayarwa, kuma da bazara ba a wuce 'yan kwanaki ba a shayar ba. Ƙari a kan haka ga gishiri, ga ƙulin riɗi ga masu shayarwa, ga ladan yaran kiwo, waɗanda samunsu ma ya yi wuya tun da haƙar zinariya ta ɓarke a Butana ta janye samari. Karan dawa kuma busasshe ne, ba ya maye gurbin ɗanyen ganye, shi ya sa ake ganin dundumi a garkunan da suka daɗe a kansa: magariba na yi raƙumi ya riƙa karo da itace. Mai garke babba yana iya sayar da maza biyar ya sayi kara da ruwa ya tsira da uwaye. Mai taguwa goma sha biyar in ya fara sayarwa, uwayen zai taɓa, daga nan kuma sai gangara. A hankali raƙuma na taruwa a hannun attajirai masu gona da tanka, waɗanda suka gaji kiwon kuma suna zama 'yan ƙwadago a bayan dabbobin wasu. A ganin mai wannan sharhi, wannan ita ce asarar da ta fi kowace girma, domin sanin asalin taguwa da warin gufar da inda ruwa ke kwana a Butana ba a ɗaukarsa haya.

Ba Sudan kaɗai ke wannan fama ba. A can arewacin Turai, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, kabilar Sami na kiwon wani nau'in barewa mai rassan ƙaho, su ma da zagayen rani da hunturu, su ma hanyoyinsu na tsukewa saboda ma'adinai da tituna da injinan lantarki na iska. A 2021 kotun ƙolin Norway ta yanke hukunci cewa injinan da aka kafa a yankin Fosen sun tauye haƙƙin makiyayan. Bambancin shi ne can makiyayi ya samu kotun da ta ɗauki hanyar dabbarsa a matsayin haƙƙi.

Kasuwa ita ce ke riƙe da sauran numfashin sana'ar. A Showak ciniki ba ya faɗawa sai da dillali, sannan sai da lamuni, wanda suke kira damin: mutumin da kabilar mai sayarwa ta sani, wanda zai tsaya ya ce wannan raƙumi ba na sata ba ne, in kuma magana ta taso daga baya shi za a nema. Mai saye zai buɗe baki ya duba haƙora don sanin shekaru, ya matsa tozo, ya shafa fata yana neman jarab, ya karanta lalas ɗin da ke wuya ko cinya, don kowace kabila da kowane gida da irin tambarinsu. Mafi yawan mazan Masar suke nufa, a ƙafa ko a manyan motoci, ta Shalatin ko Daraw, su ƙare a kasuwar Birƙash kusa da Alƙahira. Dogaro da ƙetare kuwa yana da haɗari. Tun da cutar numfashi ta MERS ta bayyana a Saudiyya a 2012 aka kuma danganta ta da raƙuma, sharuɗɗan shigar da su suka ƙara tsauri, sannan a 2019 ɓullar zazzaɓin Rift Valley ta sa Saudiyya ta dakatar da sayen dabbobin Sudan na wani lokaci. Nono kuwa, wanda shi ne babbar ni'imar taguwa, yawancinsa a daji yake ƙarewa, don babu sanyi babu hanyar kai shi gari da damina.

A kan duk wannan sai ga yaƙi. Tun ƙarshen 2020 rikicin iyaka da Habasha a Fashaga ya sa kiwon gefen Setit da Atbara ya zama na ɗar-ɗar, ga 'yan fashin daji masu kora dabbobi su ƙetare iyaka. Daga 15 ga Afrilun 2023 kuma faɗa tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya birkita ƙasar. Babban ɗakin binciken dabbobi na Soba a Khartum, inda ake haɗa alluran rigakafi, ya faɗa cikin fagen daga. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025, a tsakanin nan kuma yammacin Butana da garin Tambul, wanda shi ma babbar kasuwar raƙuma ce, sun sha hare-hare da wawashe dukiya. Garkunan da suka tsere sun cunkushe a gabas, a ɗan wurin da ya rage, tare da dubban ɗaruruwan mutanen da suka yi gudun hijira zuwa jihar Gadarif. Magani ya yi tsada, man tanka ya yi tsada, kuma duk taguwar da aka sace ko aka sayar a kan tilas a waɗannan shekaru, sai bayan 2030 za a gama jin raɗaɗin rashinta.

Gyaran da ake buƙata ba ɓoyayye ba ne, kuma ba ya buƙatar a hana kowa noma. Manomi na buƙatar makiyayi: shi ke sayen karansa, dabbarsa ke zuba masa taki, kuma ƙaramin manomi, Bahaushe ne ko Masalit ko Balarabe, shi ma manyan gonakin injina sun matse shi kamar yadda suka matse mai raƙumi. Abin da ya kamata hukumomin Gadarif da Kasala su sa a gaba da zarar ƙura ta lafa shi ne su sake auna burtalai su kafa musu alamun da ba a tumɓukewa, su fitar da duk gonar da ta shiga ciki ko ta wane ce, su haƙa tafkuna a kan hanya, su ba shehunan makiyaya da na manoma ikon sasanta ɓarna tun kafin ta kai kotu. Likitan dabbobi kuma ya bi garke zuwa Butana da damina, lokacin haihuwa, maimakon ya zauna a gari yana jiran a kawo masa gawa; a koya wa 'ya'yan makiyayan kansu awon allura da muhimmancin dakashi. Jihohin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda raƙuma ke ƙaruwa a kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa da Illela, su ma su duba nasu burtalan tun yanzu, tun ana iya gane inda suka bi.